Yadda ake sa bayani ya ɓullo in an ɗora maus a kan hoto a darasin silaid

Wata malama da muke aiki tare a nan Kaduna ce ta tsare ni kwanaki, wai ta ga wani darasi a kwamfuta, da ka kai kibiyar maus kan hoto sai bayani ya ɓullo da kansa, ka janye ya ɓace, alhali ba ka danna komai ba, wai ko sai mutum ya iya kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni da yarenta? Na ce Malama wallahi ko layi ɗaya ba sai kin rubuta ba. Abin da na nuna mata ranar shi zan zayyana a nan, don na yi shi ya fi a ƙirga, kuma kusan duk ramin da ke hanyar na taɓa faɗawa ciki. Masu manhajar suna ce masa Mouse Over ko Hover, mu dai mu ce ɗora maus.

Misalin da zan bi har ƙarshe shi ne darasin ƙaramin janareta irin na shago, wanda na taɓa haɗa wa yara masu koyon gyara. Hoton janareta ɗaya, sassa huɗu: tankin mai, filogi, kafireta, da igiyar ja. Kai sai ka canza da naka, ko taswira ce ko zuciyar ɗan adam ko keken ɗinki, hanyar ɗaya ce.

Kayan da za ka tanada

Laftof ko kwamfutar tebur da PowerPoint wanda aka saka a cikinta, ba na waya ba.

Maus na gaske mai igiya ko mara igiya. Wurin shafawa na laftof yana yi, amma wajen zana ƙananan siffofi zai gajiyar da kai, maus kuwa duk shagon kayan kwamfuta a Ahmadu Bello Way za ka samu.

Hoto mai haske wanda sassan suka fito ɓaro-ɓaro. In da wayarka za ka ɗauka ka fitar da abin waje da hantsi, ka sa farin kwali ko zani a bayansa.

Takarda da biro. Kar ka raina wannan.

Wayar Android guda, ta gwaji. Dalilin na nan zuwa kuma shi ne abin da ya fi damuna a duk harkar nan.

In kana da Articulate Storyline, manhajar haɗa darussan kwamfuta, to madalla, zan kawo nasa a ƙasa. A Windows kaɗai yake aiki, kuɗinsa da dala ake biya duk shekara, amma suna ba da gwajin kwana 30 kyauta.

Abu ɗaya da ya kamata ka gane kafin ka fara: a PowerPoint motsin nan na fitowa da ɓacewa dannawa yake ji, ba ya jin ɗora maus. Abin da ɗora maus yake iya yi shi ne ya tsallaka da kai wani silaid. To dabarar ke nan, za mu yi silaid 'yan biyu, Hassan da Hussaini, komai nasu iri ɗaya sai dai Hussaini yana ɗauke da bayani. Ɗalibi ya ɗora maus a filogi, a ɗauke shi a kai shi wajen Hussaini cikin ƙiftawar ido, shi a ganinsa bayani ne ya fito. Ya janye a mayar da shi. Rufa ido ne kawai, kuma duk ƙoƙarin da za mu yi na kar ya gane an canza masa silaid ne.

1. Rubuta bayanin a takarda tukuna

Kowane sashe layi biyu, in ya yi yawa uku. Filogi: shi ke ba da tartsatsin da ke kunna mai a cikin inji, in ya yi baƙi janareta zai dinga gardamar tashi. Kafireta: nan ake gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Iya nan. Mutum ba zai riƙe hannunsa cak a kan maus yana karanta sakin layi guda ba, hannu zai motsa bayanin ya gudu ya bar shi a tsakiyar jimla. Duk abin da ya fi layi uku ka ba shi silaid nasa.

Kuma a nan ne za ka ƙirga sassan. Sassa huɗu silaid biyar ke nan. Wani abokina ya ce zai yi taswirar jihar Kaduna da ƙananan hukumomi 23 ta wannan hanyar, na ce ya yi shiyyoyin sanata uku ya huta, don silaid 24 masu kama ɗaya in ka gano kuskure guda a kanun magana sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa.

2. Gama silaid na farko tsaf

Saka hoton, saka kanun magana, saka maɓallin ci gaba, sannan ka rubuta wa ɗalibi a fili abin da zai yi, misali "Ɗora maus a kan kowane sashe ka ga aikinsa". Mutane da yawa suna mantawa da wannan layin, sai ɗalibi ya kalli hoto ya wuce bai san akwai komai a ɓoye ba. Ni har 'yan ɗigo masu lamba nake sawa a kan sassan don ido ya san inda zai nufa. Ka bar fili a gefe ɗaya inda bayanin zai riƙa fitowa.

Kar ka wuce nan sai ka tabbata ba abin da za ka sake matsarwa. Da gaske nake.

3. Haifi tagwayen

A jerin silaid na hagu danna na farko, ka buga Ctrl da D sau huɗu. Yanzu kana da biyar. Je na biyu ka zana akwatin rubutu a filin da ka bari ka zuba bayanin tankin mai, in ka so ka zagaye tankin da jan layi ko ruwan ɗorawa. Kwafi akwatin ka liƙa a na uku, zai sauka daidai inda yake a na biyu, ka canza rubutun zuwa na filogi, haka har ka gama.

Babban kuskure a nan shi ne hannunka ya ɗan ja hoton a ɗaya daga cikin tagwayen, ko da kaɗan ne, ranar nuni sai ka ga janareta yana zabura duk sanda aka ɗora maus, asiri ya tonu. In kana yawan yin haka ka shiga View, Slide Master, ka ajiye hoton a can cikin shimfiɗar silaid ɗin, daga nan ba ya jawuwa ko ka so.

4. Zana tarkon da ba a gani

Koma silaid na farko. Insert, Shapes, ɗauki murabba'i ko ƙwai ka zana a kan tankin mai daidai girmansa. In sashen a karkace yake kamar igiyar ja akwai Freeform, da shi za ka bi gefen abin kana dannawa har ka zagayo. Danna dama a kan siffar, Format Shape, a wajen Line zaɓi No line, a wajen Fill ka bar shi a Solid fill sannan ka ja Transparency zuwa 100.

Dan Allah ka kula da nan. Kar ka zaɓi No fill. A ido duka biyun ba a ganinsu, amma No fill ya zama kamar taga ba gilashi, maus zai faɗa ta tsakiya bai taɓa komai ba, shi kuwa mai 100 gilashi ne garau, ba a ganinsa amma yana nan. Na taɓa kashe yamma guda a kan wannan, ina ta zargin kwamfutar har na kashe na kunna sau biyu, ashe ni ne.

Yi wa sauran sassa ukun haka. Sai ka buga Alt da F10, jerin duk abin da ke silaid ɗin zai fito a dama, ka sake musu suna: tarko tanki, tarko filogi, da sauransu. Tunda ba a ganinsu, ta wannan jerin kaɗai za ka riƙa kama su ba wahala. Kar tarko biyu su hau kan juna, kuma kar ka yi su ƙanana ƙwarai.

5. Ɗaura musu umarni

Zaɓi tarkon tanki, Insert, Action. Akwatin da zai buɗe yana da shafi biyu a sama, Mouse Click da Mouse Over, kuma a na farko yake buɗewa, shi ya sa rabin mutane suke saka umarninsu a inda ba nan ba. Danna Mouse Over, zaɓi Hyperlink to, gangara ka zaɓi Slide mai ɗigo uku, ka nuna masa silaid na biyu, OK. Kafin ka rufe koma shafin Mouse Click ka saka wannan silaid ɗin dai, wato ko an ɗora ko an danna wuri ɗaya za a je. Ka riƙe wannan, zai cece ka a waya. Yi wa sauran tarkuna ukun haka, kowanne ka nuna masa silaid ɗin bayaninsa.

Akwai Play sound a ƙasan akwatin. Bar shi. Na san yana da daɗi a karon farko, amma ɗakin kwamfuta mai ɗalibai talatin kowa maus ɗinsa na ƙara, ba wanda zai gode maka.

6. Hanyar dawowa

Nan ne ainihin aikin. Je silaid na biyu ka zana ƙaton murabba'i ya rufe silaid ɗin kaf daga kusurwa zuwa kusurwa, ka mai da shi gilashi kamar ɗazu, ka ba shi Mouse Over zuwa silaid na farko. Ni tabarma nake ce masa. Sannan ka koma na farko ka kwafi tarkuna huɗun gaba ɗaya ka liƙa a kan tabarmar, za su zo da umarninsu.

Jerin hawa-hawan shi ne komai: hoto a can ƙasa, tabarma a kansa, akwatin bayani da maɓallin ci gaba a kan tabarma, tarkuna a saman kowa. In tabarma ta shige ƙarƙashin hoto, hoton zai tare ta, ɗalibi ya janye maus bayani ya ƙi tafiya. In kuma ta hau kan tarkuna, da an iso Hussaini za ta cilla mutum gida, gida ya sake cillo shi, allon ya dinga ƙyafta ido kamar wutar da ba ta cika ba. A jerin nan na Alt da F10 kake jan kowanne sama ko ƙasa.

Saura abu ɗaya: a silaid ɗin tanki, cire umarnin da ke kan tarkon tanki, mai da shi None a shafukan biyu, amma kar ka goge tarkon kansa, don shi ke tare tabarma a wurin. Sauran ukun ka bar musu nasu, ta haka ɗalibi zai iya zamewa daga tanki zuwa filogi kai tsaye. Maimaita a silaid na uku da na huɗu da na biyar, kowanne ka kashe tarkon da yake gidansa.

Wasu maimakon tabarma suna zana siririn zobe ne kewaye da sashen. Yana yi in hannu a hankali yake tafiya, amma yaro ya fizgi maus da sauri sai ya tsallake zoben, shi ya sa na daina.

7. Toshe sauran ƙofofi

Zaɓi silaid biyar ɗin gaba ɗaya, Transitions, ka sa None, sannan a dama ka cire alamar da ke kan On Mouse Click. In ba haka ba duk wanda ya danna fili zai faɗa silaid na gaba. Maɓallin ci gaba kuma kar ka ba shi Next Slide, don na gaba ɗan biyu ne, nuna masa silaid na shida da lambarsa. Tagwaye huɗun ka danna dama ka yi musu Hide Slide, ɓoyayyen silaid umarni yana isa gare shi, jerin nuni ne kawai yake tsallake shi.

In ɗalibai su kaɗai za su zauna da shi, shiga Slide Show, Set Up Slide Show, ka zaɓi Browsed at a kiosk. Wannan yana kulle komai sai maɓallan da ka saka da hannunka, Esc ne kaɗai mafita, saboda haka ka tabbata kowane silaid a darasin yana da maɓallin gaba da na baya, kar ka rufe mutum a ɗaki ba ƙofa. Ajiye kwafi biyu, pptx naka na gyara, ppsx na rabawa wanda da an buɗe nuni yake farawa. Kuma ka riƙa buga Ctrl da S, kowa ya san halin wuta.

8. Gwaji

A wajen gyara ba abin da zai motsa, sai ka buga F5, ko Shift da F5 in daga inda kake kake so. Bi sassan a hankali, sannan ka bi su da gudu kamar ɗan firamare ya samu maus. Bayan nan ka kira wanda bai san aikin ba ka zaunar da shi, kai kuma ka kama bakinka. In ya kai daƙiƙa goma yana kallon allo bai san me zai yi ba, layin umarninka ne bai fito ba.

In da Storyline kake aiki

Nan ba ruwanka da tagwaye, an gina abin a ciki. Zana siffa a kan filogi, mai da ita gilashi, duba ƙasa kusa da Timeline akwai States, danna Edit States, New State, zaɓi Hover daga jerin, Add. Duk abin da ka canza yanzu shi za a gani in an ɗora maus: ba ta jan layi a gefe, ko ka liƙa akwatin bayanin a ciki. Done Editing States, shi ke nan. Kar ka ƙara masa wani umarni na cewa ya koma Hover in an ɗora maus, ya riga ya sani, ƙarin ne ma ke rikita shi. Hotspot kuwa, koren nan da ke cikin Insert, ba shi da States, shi ya sa na ce siffa.

In bayanin da hoto ne ko yana da ɗan yawa, yi masa Layer nasa, wato shimfiɗa ta biyu a kan silaid ɗin, ka ba siffar umarnin Show layer lokacin da maus ya hau kanta, ka kunna zaɓin ɓoyewa in maus ya sauka, a tsofaffin fitowa Restore on mouse leave aka rubuta. Sai dai kar abin da ke shimfiɗar ya sauka a kan siffar da ta kira shi, in ya rufe ta manhajar za ta ɗauka maus ya tafi, ta ɓoye, ta sake nunawa, ƙyaftawar nan ta dawo. Matsar da shi gefe. In kuma sauri kake, Insert, Marker, ka rubuta bayaninka ka kunna Show All on Hover, minti biyu an gama.

Maganar waya

Na taɓa haɗa wa wata cibiyar koyon sana'a darasi, sati biyu ina kansa, a laftof ɗina kamar ka sace. Aka tura wa ɗalibai, washegari mai kula da su ya kira ni, Malam yaran sun ce hoto kawai suke gani. Kusan dukkansu a waya suka buɗe. Yatsa ba ya shawagi a kan gilashi, ko ya taɓa ko bai taɓa ba, wani lokacin ma taɓawar takan fito da bayanin sai ya maƙale ya ƙi tafiya. Kuma ni da wayona ma'anar kowane sashe a can na ɓoye ta, tambayoyin ƙarshe kuma daga ciki na ciro su. Laifina ne ba na kowa ba.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a garin nan, hedikwatar NTI, wato Cibiyar Malamai ta Ƙasa, tana Rigachikun kuma tun 1976 aikinta ke nan, horar da malamai suna daga garuruwansu. Ka tuna irin wannan ɗalibin in kana zane, malamin da ke Giwa ko Kachia, abin da ke aljihunsa waya ce. Tun daga ranar dokata ɗaya: duk abin da za a tambaya a jarrabawa ba ya zama a bayan ɗora maus shi kaɗai, ko a same shi da dannawa, ko a maimaita shi a fili a silaid na gaba. A PowerPoint ka riga ka saka Mouse Click a mataki na 5, saura ka saka wa tabarma ita ma, ko ka ɗora ɗan maɓallin rufewa a kusurwar akwatin bayani.

Ba masu waya kaɗai ba, akwai wanda hannunsa ke rawa, akwai makaho mai amfani da kibod da manhajar karanta allo. Ƙa'idojin WCAG 2.1, na sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafukan intanet, da suka fito a 2018 sun yi magana a kan wannan takamaimai: bayanin da ya fito da ɗora maus ya zama ana iya kawar da shi ba sai an motsa maus ba, ana iya kai kibiya kansa bai ɓace ba, kuma kar ya tafi da kansa kafin mutum ya gama. Sharaɗi na biyun a PowerPoint sauƙi gare shi, ka manna akwatin bayanin da jikin tarkon yadda kibiya za ta tsallaka ba ta taka tabarma ba.

In wani abu ya rasa

In kalma ɗaya ko biyu kawai kake son fassarawa, ba sai ka haifi tagwaye ba. Zaɓi siffar, Ctrl da K, Place in This Document, nuna silaid ɗin da kake ciki, danna ScreenTip a sama ka rubuta ma'anar. Ɗan ƙaramin rubutu zai fito in an ɗora maus. Ba ka da ikon canza girmansa ko launinsa, amma yana biyan buƙata.

In Google Slides ko LibreOffice Impress gare ka, ɗora maus ba ya cikinsu, amma dabarar tagwayen tana aiki da dannawa, sai ka canza layin umarni zuwa "Danna kowane sashe". In makarantarku na da Moodle, manhajar ɗora darussa a intanet, sababbin suna zuwa da H5P a ciki, wato kayan haɗa darasi mai dannawa, nemi Image Hotspots, ka ɗora hoto ka dasa ɗigo ka rubuta bayani, kyauta ne kuma waya na buɗe shi lafiya lau.

Kar ka juya aikin zuwa PDF ko bidiyo don ya yi sauƙin turawa a WhatsApp, ɗora maus ba ya tsira a can. In kuma ka bi da shi ta manhajar iSpring ko makamanciyarta don ya zama HTML5 ko SCORM, wato nau'in fayil da ake buɗewa a burauza, a ɗora a shafin makaranta, ka sake gwajin mataki na 8 daga farko a kan wanda ya fito, a burauza, sannan a wayar nan da na ce ka tanada.